Ranar da Aka Harba Rokar Zahraddeen

Sallama gare ku masu bin labarina. Na karanta duk abin da kuka rubuto, har da na baiwar Allahn da ta ce zargi ne zai sa in tsufa a gidan yayata. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau dai ku gyara zama ku ji yadda Alhamis ɗin nan ta kasance, sai ku yanke mini hukunci da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mubina, shekarata ashirin da tara, ina digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma a nan Kuala Lumpur. Ina zaune a Taman Melati, hawa na goma sha ɗaya, a gidan yayata Saudatu da mijinta Dakta Lawal, malamin jami'a, da 'yarsu Fatiha. Mahaifinmu ya rasu, Umma tana Kano, maganar aurena kuma tana hannun baffanninmu. An taɓa sa mini rana sau ɗaya. Saura wata guda biki muka gano cewa angon da ya ce shi likita ne, ko aji uku bai gama ba aka kore shi. Tun daga nan kunnena ya koyi sauraro, kuma tun daga nan aka sa mini suna mai zargi a gidanmu.

Sai ga Zahraddeen Maitama. Dogo ne siriri, mai gilashi, ba ya son hayaniya, in yana magana sai ya dinga murza yatsunsa kamar yana lissafi. Digiri na uku yake yi a injiniyancin sararin samaniya, yana zaune a Wangsa Maju, tasha ɗaya tsakaninmu a jirgin ƙasan cikin gari da ake kira LRT. Dakta Lawal ne ya kawo shi gida cin nama ranar Babbar Sallah, daga nan ya koyi hanya. Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Shi ne namijin farko da ya taɓa tambayata me nake bincike a kai, kuma ya zauna ya saurari amsar har ƙarshe.

Maganar rokar kuwa tun kafin ya ce yana sona na san ta. Wani kamfani ne mai zaman kansa a Amurka ya shafe shekaru yana ƙera wata ƙatuwar roka, tsawonta ya kusa bene mai hawa talatin. Abin da ya sa ake ta zancenta shi ne, in ta kai kaya sama, gindinta zai rabu da ita ya juyo ya sauka a tsaye a kan wani jirgin ruwa a tsakiyar teku, a wanke shi a sake harba shi. A cikin kayan gwajin da za ta ɗauka a tashinta na farko akwai wata 'yar na'ura mai auna zafi da girgiza, ba ta fi gwangwanin madara ba, wadda ɗakin bincikensu Zahraddeen ya haɗa. Shekara uku yana kanta. A farkon Disamba ya zo gida da takarda a waya, an gayyace shi shi da farfesansa su je Florida su ga tashin da idonsu.

Ranar Yaya Saudatu har da guɗa a falo.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ranar tafiyarsa. Na ce za mu raka shi filin jirgi ni da Yaya, ya ce kada mu wahalar da kanmu, jirgin sassafe ne, mota zai kira ta kai shi. Na ce to ya turo mini hoton tikitinsa in dinga bin jirgin a waya, ya ce yana wurin farfesa. A raina na ce, Mubina, kama kanki, ba kowane namiji ne wancan ba.

Kwana goma yana turo saƙo. Hotuna masu kyau: teku, wata doguwar hanya mai itatuwan kwakwa, rokar can nesa fara fat tana tsaye kamar hasumiya. Amma babu shi a ko ɗaya.

Na rubuta masa: "Deeni, ina fuskarka? Ko rokar ce za ta aure ni?"

Ya amsa: "Ranki ya daɗe, an hana ɗaukar hoton mutum a wurin, tsaro ne da su kamar barikin soja."

"To in ka koma masauki ka kira ni ta bidiyo."

"Intanet ɗin otel ɗin ba kyau. Ki yi haƙuri, na kusa dawowa."

Amurka guda, intanet ba kyau. Na ajiye wannan a gefe ɗaya na zuciyata.

Ranar Litinin aka so harba rokar, aka yi ta ɗage lokaci har aka fasa, wai wani abu ya daskare a jikinta. Ranar Talata da yamma ya turo mini saƙon murya na minti ɗaya da rabi. Muryarsa a dashe, yana cewa ya gaji, jiran nan yana cin ransa, in sa shi a addu'a. Na saurara sau ɗaya na ji tausayinsa. Na sake saurara don daɗin muryar. A karo na uku ne na ji wani abu can ƙasa-ƙasa a bayansa, wajen ƙarshen saƙon. Na sa abin kunne, na ƙure ƙara, na rufe ido.

Ƙarar rufe ƙofa ce, sannan muryar matar nan da duk wanda ya taɓa hawa LRT ya sani, tana sanar da tasha ta gaba da Malayanci. Ban ji sunan tashar sosai ba, amma kullum sau biyu nake jin muryar nan a hanyar makaranta. Ko daga barci aka tashe ni zan gane ta.

Sau goma sha ɗaya na saurara. Sannan na tashi na nufi kicin.

Yaya Saudatu tana tsaye tana jiƙa shinkafar waina, ta ɗaure kanta da tsohon ɗankwali, fanka na kaɗa labulen tagar da ke kallon duwatsun Gombak. Na miƙa mata abin kunnen.

"Yaya, don Allah saurari ƙarshen nan."

Ta goge hannu a zaninta, ta saurara. Ina kallon fuskarta. Idonta ya ɗan motsa, sannan ta cire ta miƙo mini.

"Ni ban ji komai ba sai ƙarar iska."

"Yaya, muryar LRT ce."

"Su Amurka ba su da jirgin ƙasa ne?"

"Da Malayanci?"

Ta juya ta ci gaba da wanke shinkafarta. "Mubina, kin fara ko? Wallahi kin fara. Yaro mai hankali, mai addini, Abban Fatiha ya san shi ciki da waje, duniya tana shirin jin sunansa, ke kina nan kina bin ƙarar ƙofa. Me kike so ne a rayuwarki? Sai kin kori wannan ma hankalinki zai kwanta?"

"Ni tambaya kawai na yi."

"Tambayarki ce ba ta ƙarewa. Ki je ki nemi tsari daga shaiɗan."

Na koma ɗaki. Kun san abin da ya fi ciwo? In an daɗe ana ce maka mai zargi, kai ma sai ka fara zargin kunnenka.

Washegari Laraba Umma ta kira. Bayan gaisuwa ta ce baffanninmu sun tsayar da ranar Asabar, dangin Zahraddeen za su zo neman aure a gidan Baffa babba. Muryarta cike da murna, har tana haɗa magana biyu wuri ɗaya.

Na ce, "Umma, da an ɗan jira ya dawo."

"A jira me? Shi za a tambaya ko iyayensa? Mubina, shekara huɗu ina amsa tambayar mutane a gidan biki da gidan suna. Kada ki sake ki ɓata mini wannan. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Umma."

"Allah ya yi miki albarka. Gobe da safe za a sa mini abin a waya in ga rokar surukina."

Aka sake sa tashin ranar Alhamis. Can dare ne a wurinsu, mu nan wajen ƙarfe uku na rana, a Kano kuma takwas na safe. Yaya ta mayar da abin walima. Tun hantsi gidan ya cika da ƙamshin waina da miyar taushe, ga zoɓo a manyan robobi, ga kuma kayan zaƙin 'yan Malay masu launin kore da ta sayo a kasuwar ƙasa. Dakta Lawal ya ɗauki rabin yini daga aiki, ya jona kwamfutarsa da talabijin. Matan 'yan uwanmu na benen suka fara shigowa bayan Azahar, Anti Hureira da goyonta, da wasu mata uku daga hawa na shida. Yaya ta fito mini da leshina ruwan zuma, wanda nake ajiye da shi don Sallah, da mayafi mai duwatsu a baki.

"Sa wannan. Yau ke ce amaryar taro."

Na sa. Na zauna a gefen kujera ana ta tsokanata. Anti Hureira ta ce, "Matar injiniya, in an tashi kai mutane wata a tuna da mu." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ƙarfe biyu da kwata saƙonsa ya shigo: "Muna wurin kallo. Sanyi ake yi sosai. Gabana faɗuwa yake, Mubina. Ki yi mini addu'a."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na san abu ɗaya game da Zahraddeen: duk ranar da wani babban abu ya taso masa, ba ya iya zama a ɗaki. Ranar da zai kare tsarin bincikensa, da ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, wuri ɗaya ya je ya zauna. Akwai wani mamak a ƙasan benensu, irin gidan cin abincin nan na Indiyawa Musulmi, yana da tebur a lungu kusa da soket ɗin wuta. Shi da bakinsa ya taɓa ce mini a teburin nan ya rubuta rabin kundinsa.

Na miƙe. "Yaya, ƙanƙara ta ƙare, zoɓon zai yi ɗumi. Bari in sauka shago in sayo."

"Da wannan kwalliyar? Ki bari mana."

"Yanzu zan dawo."

Ta bi ni da kallo har bakin ƙofa. Na ga ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai Anti Hureira ta kira ta.

Ban tsaya a shagon ba. Na wuce tashar Taman Melati da takalmi mai tsini, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen duwatsu. A cikin jirgin na tsaya riƙe da ƙarfe, 'yan makaranta suna kallon leshina. Na dinga roƙon Allah ya kunyata ni. Wallahi abin da na roƙa ke nan. Na ce ya Allah ka sa in je in tarar da teburin nan wayam, in koma gida in nemi gafara, in yarda ni ce mai ciwon. Ƙofa ta rufe, matar nan ta sanar da Wangsa Maju.

Ina fita ruwa ya sauko. Na rufe kaina da mayafi na tsallaka titi da gudu-gudu. Mamak ɗin ba cika, 'yan tsirarun direbobin babur masu kai abinci ne suka fake, mai suyar roti, gurasar Indiyawa, yana ta buga ƙullinsa a kan faranti. Na tsaya a bakin rumfa ina ɗigar ruwa, na kai idona lungu.

Yana nan.

Riga mai hula ya sa, ya ja hular ta rufe masa goshi, abin kunne a kunnuwansa, kwamfuta a gabansa, kofin shayi ya huce har ya yi fata a sama. Ya rame. Gemunsa da kullum yake a gyare ya tashi buzu-buzu. Wayarsa tana hannunsa yana rubutu. Tawa ta yi ƙara a jaka. Na ciro na duba: "Saura minti ashirin. Ina ganinta da idona, ta fi yadda nake zato girma."

Na taka har gaban teburin, na ja kujerar roba na zauna.

"Malam Zahraddeen, ya sanyin Florida?"

Ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya cire abin kunnen a hankali, ya ajiye wayar.

"Mubina."

"Na'am. Ni ce."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wani ma'aikaci ya zo ya tsaya a kaina yana tambaya ko zan ci wani abu. Na ce ruwan ɗumi kawai.

Na ce, "Tambaya uku zan yi maka. In ka yi mini ƙarya a ɗaya, na tashi, kuma ba za ka sake ganina ba. Karatun da ka ce kana yi, kana yin sa?"

"Ina yi. Wallahi ina yi."

"Na'urar da ka ce tana cikin rokar can, akwai ta?"

Ya juyo mini da kwamfutar. Rabin fuskarta hoton rokar ne kai tsaye, tana tsaye cikin fitilu, farin tururi na fita daga jikinta, agogo na ƙirga lokaci a ƙasa. Ɗaya rabin kuma taron bidiyo ne na ɗakin bincikensu, ɗalibai shida ko bakwai 'yan Malay da 'yan China a cikin ƙananan akwatuna, da wani dattijo mai furfura cikin rigar sanyi yana tsaye a waje cikin duhu. A akwati na ƙarshe ga sunansa, kyamara a kashe.

"Wancan farfesana ne. Shi yake can. Hotunan da nake turo miki nasa ne."

"Ta uku. Me ya sa?"

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "Bizata ba ta fito ba. An ce sai an ƙara bincike saboda irin karatun da nake yi. Na yi ta jira har saura kwana biyu tafiya, shiru. Farfesa ya tafi shi kaɗai."

"Shi ke nan? Biza? Don biza ka zauna kwana goma a Wangsa Maju kana ba ni labarin sanyi? Ni na ce maka Amurka nake so? Ni na ce sai ka taɓa roka da hannunka zan aure ka?"

"Ba ki ce ba."

"Ka san abin da aka taɓa yi mini. Da bakina na ba ka labari, a falon Yaya, ina kuka. Ka ce mini kai ko ƙaryar wasa ba ka iya ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ranar da na tabbatar ba zan tafi ba, gidanku na nufa in faɗa miki. Kina makaranta. Anti Saudatu na tarar."

Na ce, "Sai aka yi yaya?"

"Na faɗa mata komai. Ta ce baffanninku da farko ba su so ba, sun ce ɗalibi ne ba shi da aiki. Maganar gayyatar nan ce ta sa suka sauko, har an gama yaɗa ta a dangi. Ta ce in aka ji ban tafi ba, za a ce daman babu gayyatar, ni ma irin wancan ne. Ta ce ke kuma da kin ji za ki fara bincike, ba za ki tsaya ba sai kin fasa. Ta ce in daure kwana goma sha biyu kawai, in an gama neman aure sai a yi miki bayani."

Na yi wata dariya da ba ta daɗi ba. "Yanzu kuma yayata za ka ɗora wa?"

"Ban ɗora mata ba. Ta ba da shawara, ni na karɓa. Ni na rubuta kowane saƙo da hannuna. Amma kin ce kada in yi miki ƙarya."

"Nuna mini."

Ya buɗe wayarsa ya miƙo. Sunan Yaya ne a sama, hotonta ne da Fatiha 'yarta a ranar Sallah. Na ja sama ina karantawa. "Kada ka fito wajen Melati." "Juma'a ka je wani masallaci mai nisa." Sai na ranar Talata da yamma, mintuna kaɗan bayan na fita daga kicin: "Ka daina tura mata saƙon murya. Ta ji ƙarar jirgi. Na rufe bakinta amma ka kiyaye."

Na rufe bakinta.

Na ajiye wayar a kan tebur a hankali kamar kada ta fashe. Ni da na yi kwana biyu ina istigfari, ina ganin kaina marar lafiya.

A daidai lokacin ne aka fara ƙirga sakanni na ƙarshe. Ɗaliban cikin akwatunan suka miƙe tsaye. Zahraddeen ya kalle ni, ya kalli kwamfutar, ya kai hannu zai rufe ta.

Na ce, "Bar ta. Shekara uku ka yi. Kalli abinka."

Muka kalla tare. Wuta ta fashe a ƙarƙashinta, shuɗiya mai haske, dare ya koma rana a wurin. Da farko kamar ba za ta motsa ba, sai ta fara ɗagawa a hankali, a hankali, abu mai nauyin nan, har ta wuce hasumiyar da ke riƙe da ita ta miƙe sama. Mai suyar roti ya bar farantinsa ya zo ya tsaya a bayanmu, direbobin babur biyu suka biyo shi. Ɗaya ya tambaya ko yaƙi aka fara.

Bayan 'yan mintuna wasu lambobi suka fara gudu a wani ƙaramin allo a gefen kwamfutar. Ɗaliban suka ɓarke da ihu, farfesan yana ta ɗaga hannu yana kiran sunan Zahraddeen. Shi kuwa ya dafe bakinsa, hawaye na bin yatsunsa.

"Tana magana," ya ce. "Mubina, na'urar tana turo bayani. Tana aiki."

Na ji daɗi, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin. Gindin rokar ya rabu ya juyo, hotonsa ya tsaya cak, masu sharhi suka yi ta jira har daga baya suka ce an rasa shi, bai kai ga jirgin ruwan ba. Amma saman ya isa inda ake so, da gwangwanin madararsa a ciki. Mutanen da suka taru a bayanmu suka watse. Ruwan sama ya fara tsagaitawa.

Ya goge fuska ya ce, "Ki yafe mini."

"Ban sani ba tukuna. Abin da na sani shi ne, ba za a je gidan Baffa ranar Asabar a kan wannan maganar ba. Yau ɗin nan za ka kira mahaifinka ka faɗa masa inda kake. Sannan ka kira Baffa babba da kanka. In bayan sun ji gaskiya sun ce a zo, sai ni kuma in zauna in yi tunanin ko ina so."

"In suka ƙi fa?"

"Da ka yi wannan tunanin kafin ka turo mini hoton teku."

Ya gyaɗa kai. "Zan kira. Kafin Magariba zan kira."

Sai wayata ta ɗauki ƙara. Yaya Saudatu. Na ɗaga, hayaniyar falon ta cika mini kunne, guɗa da tafi da kukan goyon Anti Hureira.

"Mubina! Ina kika shiga ne? Ƙanƙarar daga China za ki sayo? Kin rasa abin tarihi! Yanzun nan muka gama waya da Zahraddeen, yana can gindin wurin yana ta kuka, ya ce a gaishe ki, ya ce ƙarar har cikin ƙirjinsa ya ji ta!"

Na kalli wayarsa da ke kife a kan tebur tun ɗazu, kusa da kofin shayin da ya huce.

"Allah sarki," na ce. "Yaya, ki ɗan shiga ɗaki ki rufe ƙofa."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Akwai mai son gaishe ki."

Na ji takunta, na ji hayaniyar ta ragu, na ji ƙofa ta rufe. Na sa wayar a lasifika na tura ta tsakiyar tebur. Zahraddeen ya matso kusa da ita.

"Anti, ina wuni. Ni ne. Muna mamak ɗin Wangsa Maju."

Na duba ko layin ya katse. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce, ta yi ƙasa, ta yi laushi kamar ta mai roƙo.

"Mubina, ki dawo gida mu yi magana. Don girman Allah kada ki yi abin da za mu ji kunya."

"Zan dawo. Amma sai na kira Umma na faɗa mata abin da kika yi mini."

Ta ja dogon numfashi.

"Ba sai kin faɗa mata ba," ta ce. "Ranar da ya zo, kafin in ce masa komai, Umma na fara kira. Ita ta ce a yi haka."